Kunnen Baba a Legas

Legas, Satumba 1979

Zuwa ga Baba, Ƙofar Kwaya, Katsina.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar ɗa ga mahaifi. Yaya jiki, yaya idanun? A gaida Inna Delu da almajiranka duka.

Ni lafiya lau nake. Ɗakin ba ya yoyo sosai, kuma na fara sabawa da cin abinci sau ɗaya.

Ana koya mana buga keken rubutu, saboda majalisar da za ta zauna in soja sun sauka. Wanda ya faɗi jarrabawa gida za a maida shi. Turawa na da wasu ƙananan kalmomi biyu, "a" da "an", da ake sawa gaban suna. Su suka yi ta kada ni. Shekaranjiya malamarmu, wata dattijuwa Bayarabiya, ta fizge takardata ta ce, "Rufe idonka! Wannan ba aikin ido ba ne, saurara." Na rufe, ta karanta sunayen ina faɗin "a" ko "an", wallahi ban kuskure ko ɗaya ba.

 Baba, kai na tuno a zaure, ba ka ganin allo, amma yaro na can bakin ƙofa ya karkace wasali ɗaya sai ka ɗaga kai. Ashe abin da na tsere wa shi na tarar a bakin teku. Allah mai iko!

A yi mani addu'a. Ƙanena Idi, in kana karanta mashi, wuce wajen "lafiya lau" da sauri. Kunnen nan zai kama ni.

Ɗanka,
Siddiƙu