Na Ɓoye Littafin Ɗan Ƙanena a Rumbu

Assalamu alaikum Edita da masu karatu. Don Allah a sakaya sunana, kuma kada a yi saurin zagina, tsoron da nake ciki ya ishe ni.

Ni dattijo ne a Kebbe. Na zauna Ikko, Kumasi da Hartum, ina jin Larabci, Fulatanci da Yarbanci, amma ga abin da na aikata. Ɗan marigayi ƙanena, yaron da na rena, yana shirin jarrabawar shiga makarantar likitoci. Wani malaminsa a Tambuwal ya ara masa littafin kemistiri mai jadawalin nauyin sinadarai, da shi yake lissafin nauyin kowane haɗi. Yakan ce mini, "Baffa, oksijin sha shida, haidurojin biyu, ka ga ruwa sha takwas ke nan." In yi dariyar yaƙe kawai, domin a Hartum na taɓa leƙa ɗakin da ɗaliban likita ke yanka gawa. A can uba rago yake yankawa idan ɗansa ya samu shiga makarantar likitoci. Ni kuwa na ce jinina ba zai taɓa wannan aiki ba. Na kasa faɗa masa, sai na ɗauke littafin na tura ƙarƙashin damman gero a rumbu.

Ya tambaye ni, na ce ban gani ba. Yanzu a ƙasa yake lissafi da tsinke, daga abin da ya tuna. Shekaranjiya ya ɗago kai, idonsa jawur, ya ce, "Baffa, kai da ka yi yawon duniya, farar wuta talatin da biyu ta ko da huɗu?" Ina zan sani? Kunya ta kama ni, na hau rumbu in maido masa. Gara ta riga ni. Bango kawai ta bari.

Jarrabawa ta matso, kuma ban san mai irin littafin ba sai a Sakkwato. Ga shi uwarsa ta rantse sai an ja wa ɓarawon Yasin ranar Juma'a. Ta durƙusa gabana ta ce, "Yaya, kai za ka buɗe, bakinka ya fi albarka."

In karanta, kaina na karanta wa. In na ƙi, za ta tambayi dalili a gaban yaron. Jama'a, kafin Juma'a, me zan yi?