Sakamakon Jinin Ashafa Ya Shigo Imel Ɗina

Anti Hansatu, don Allah ki taimake ni kafin murna ta sa in yi ɓarna.

Ni sakatariya ce a wani kamfanin robobi a Sharada. Jinina AS ne. A kan haka aka fasa aurena na farko bayan an kawo lefe, domin shi ma wanda zan aura ɗin AS ne, kuma na ga irin wahalar da ƙanwata ta sha da sikila kafin Allah Ya karɓe ta. Daga nan na rufe ƙofa, sai bana da Allah Ya haɗa ni da wani bawan Allah, bari in kira shi Ashafa. Makanikin inji ne a kamfanin fatu a Challawa. Motar hayis ɗaya muke shiga daga Na'ibawa, shi ya fara riƙe min kujerar bakin taga, har abin ya kai gaban manya. Anti, mutumin nan ko warin fata ya kwaso ni dai turare nake ji.

Baba ya ce ba za a sa rana ba sai an ga gwaji. Likitan kamfanin su Ashafa ya ɗebi jininsa ya aika Legas, ya ce sakamakon ta imel zai zo, kuma a kulle, lambar buɗewa kuma za a turo ta wayar mai jinin. Ashafa ba shi da imel, sai ya ba da nawa. Ana cikin jira aka tura shi Legas ɗauko kayan inji daga tashar jirgin ruwa.

Ranar Talata saƙon ya shigo kwamfutar ofis. Na danna, ya ƙi buɗuwa, sai wani ɗan akwati yana neman lambar sirri. Na buga wa Ashafa, ya ce shi gabansa faɗuwa yake, ga lambar nan ya turo ta tes, in buɗe in gaya masa abu ɗaya kawai, AA ne ko AS. Na sa lambar, na yi kuskure, na sake sawa, ana tsakiyar haka aka ɗauke wuta! Kafin a ta da janareta na karanta duk addu'ar da na iya har da ta shiga kasuwa.

Anti, AA ne! Ban san lokacin da na rangaɗa guɗa a ofis ba. Manaja ya fito a guje ya zaci inji ne ya kama hannun wani. Na rungume Hauwa mai ba mu shayi, na saya wa masu gadi tsire, na tafi gida da takalmin ofis na bar nawa a ƙarƙashin tebur. Ashafa kuwa kuka ya yi a waya. Mama har ta fara zancen anko.

Sai washegari da na sake buɗewa don in ƙara kallon AA ɗin nan, na lura akwai shafi na biyu. An rubuta cewa an ga alamar cutar hanta, wadda ake kira hepatitis B, a jininsa, ya koma wajen likita. Shi bai sani ba. Ni wallahi ko a jikina, da hantarsa da komai nake son sa, har yanzu in na tuna AA sai in kama dariya ni kaɗai. Amma Baba ya ce in buga takardar in kawo ya gani, Mama kuma so take ta nuna wa ƙannenta da suka yi min dariya a wancan karon. Shin in buga shafin farko kawai in yi shiru? Ko in gaya masa ta waya? Yana hanya, ƙarshen mako zai iso.

Taki,
Mai Rawar Ƙafa, Na'ibawa

*

'Yata Mai Rawar Ƙafa,

Barka da arziki. Wadda ta ga abin da kika gani, guɗa ɗaya ma ta yi kaɗan. Amma zauna mu yi magana.

Ba don ado aka kulle saƙon nan ba. Jinin na Ashafa ne, sirrin nasa ne, aron mabuɗi kawai ya ba ki. Don haka shi ne mutum na farko da zai ji, kuma ba ta waya ba, mutum yana kan titin Legas. Ki bari ya iso ya huta, ki nuna masa shafin da idonsa, ki faɗa masa abin da kika faɗa min, cewa kina nan daram.

Ki goge saƙon da kika sauke a kwamfutar ofis, domin ba ke kaɗai ke taɓa ta ba. Kada ki kai shi shagon intanet a buga miki, kada ki ba kowa lambar, har Hauwa.

Ku koma wajen likitan tare. Mutane da yawa suna rayuwa lafiya da wannan cuta in ana duba su, amma tana iya kama matar aure da jariri. Akwai allurar rigakafi, sai a gwada ki a yi miki kafin biki. Wannan kam soyayya ba ta maye gurbinsa.

Batun ɓoye shafi na biyu, ban goyi baya ba. Mahaifinki ya binne 'ya guda, yana da haƙƙin ya san abin da ya shafi lafiyarki, kuma abin da aka ɓoye kafin aure shi kan zama abin gori bayansa. Amma Ashafa ne zai faɗa masa da bakinsa, da bayanin likita a hannu. In Baba ya ce a dakata sai an gama allura, ki yi haƙuri, gata yake miki. Ƙannen Mama kuwa katin biki ya ishe su, ba a yawo da takardar asibitin miji gida-gida.

Allah Ya ba shi lafiya, Ya sanya albarka, Ya ba ku zuri'a mai ƙoshin lafiya.

Anti Hansatu