Abin da ya zaunar da ni a Makka

Unguwar Tandabawi, daren Laraba, watan Muharram

Rubuta, Ilu ƙanena, bar dariya. Gobe askari, ɗan sandan nan ƙasar, zai zo tambayar takari abin da ya zaunar da mu bayan Hajji. Wanda ba shi da dalili, sai Jidda, a jefa shi jirgin ruwa.

Na kai kukana wurin baƙonmu, Alhajin nan na Maroko. Ya ce a Sifaniyanci abin da ke tura mutum ya aikata abu sunayensa da yawa, wai motibo, wai impulso, sauran sun tsere min. Garba mai tsire, da ya yi wa Turawa dako a Sudan, ya ce wallah na Ingilishi sun fi yawa. Suka hau musu har shayi ya huce.

Na ce, "Ya jama'a, wanne ne na tsohuwa irina da ta yi amai tun daga tashar jirgin ruwa ta Sawakin, ta rantse ba ta ƙara taka jirgi?"

Halas, shi ke nan, gobe zan ce ƙaunar Ɗakin Allah ce. Ba ƙarya ba ce, ita ce ta biyu. Amma in askarin ya ambaci teku, tsaya bayana, Ilu. Ƙafafun nan ba su da amana.