Abin da Kuniaki Bai Rubuta wa Likita Ba

Yokote, 9 ga Nuwamba

Yaya Shigeno,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan sanyin bakin teku bai fara taɓa miki gwiwa ba. Mu nan an gama girbin shinkafa, ƙanƙara ta sauka a kan duwatsu.

Na san za ki ce me ya hana ni buga waya. Shekara talatin da huɗu ina kai wa mutane wasiƙunsu, ki bar ni in rubuta tawa. Kuma a waya katse ni kike yi.

Ciwon ya dawo, karo na uku ke nan. Kaluluwa biyu a wuya, ɗaya a hammata. Likita Onodera ta ce jikina ba zai ƙara ɗaukar maganin ƙarin ruwa irin na da ba. Amma ana gwajin wani sabon magani a Sendai, na haɗiya, kuma masu irin sankarata da ke tafiya tana dawowa suke nema. Na sa hannu a takarda mai shafi ashirin da shida. Matata Tokiko ce ta karanta, ni na kasa wuce shafi na huɗu.

Ƙwaya biyu da safe, biyu da yamma. Duk sati biyu in hau jirgin ƙasa in je a ɗebi jinina. Sun kuma ba ni littafi, wai kullum in rubuta duk abin da na ji a jikina.

A ɗakin jira na yi aboki, wani tsohon kafinta, Hatakeyama. Ranar farko ya dube ni ya ce, "Kai ma zakaran gwajin dafi ne? Lamba nawa?" Na ce sha bakwai. Ya ce, "Ni tara. To ka riƙa gaishe ni, na girme ka."

Ki kula da kanki.

Ƙanenki,
Kuniaki

Sakata, 21 ga Janairu

Kuniaki,

Ina gaishe ka, in har gaisuwar tana da amfani wurin mutumin da na aika wa wasiƙa uku ya amsa da katin sabuwar shekara mai layi biyu.

Tokiko ta kira ni shekaranjiya. Ta ce kaluluwar ta sace, hoton asibiti ma ya nuna haka. Na fara murna sai ta katse ni. Ta ce ranar Lahadi kana kwashe ƙanƙarar ƙofar gida ta ga ka jingina da shebur ka dafe ƙirji, har ta ƙirga sittin ba ka motsa ba. Ta ce damatsanka duk jini ya kwanta a ƙarƙashin fata, shi ya sa ka daina naɗe hannun riga. Da ta buɗe littafin nan naka, kowane shafi "lafiya lau", kwana arba'in a jere.

Ta kasa tambayarka, ta ce tsawa za ka yi mata. Ni ba ka isa ba. Me ya sa kake yin haka?

Yayarka ce dai, ko ka amsa ko ka ƙi,
Shigeno

Yokote, 29 ga Janairu

Yaya,

Na gaishe ki. Duk abin da Tokiko ta faɗa miki gaskiya ne. Zuciyata takan rikice, ta yi gudu, ta tsaya kamar ta manta, ta sake ɗauka. Wani lokaci sau uku a yini. Ranar da suke auna ni kuwa lafiya lau take bugawa, kamar da ita muka haɗa baki.

Bari in gaya miki dalili. Hatakeyama ya ji irin wannan a watan Disamba, ya rubuta gaskiya, aka cire shi daga gwajin. Na haɗu da shi sati biyu da suka wuce, ya zo ganin wani likitan. Wuyansa ya kumbura har maɓallin rigarsa bai rufuwa. Ya ce, "Sha bakwai, yaya ƙwayarmu?" Na ce tana nan. Ya yi dariya ya ce, "Ka sha har da rabona."

Yaya, shekara shida ke nan. Gashina ya zube sau biyu, na yi amai har na daina sanin ɗanɗanon shinkafa. Wannan ne maganin farko da ya bar ni ina cin abinci a gidana. In suka karɓe shi, babu wani a bayansa, na tambaya. Ba jarumta nake yi ba. Na gaji ne da komawa farko.

Kada ki kira asibitin, ina roƙonki.

Kuniaki

Sakata, 2 ga Fabrairu

Ƙanena,

Ina gaishe ka, da Tokiko. Na ɗauki wayar sau biyu na ajiye. Ba zan kira ba. Ba ni nake haɗiyar ƙwayar ba, kuma na tsufa da kai ƙararka.

Amma zan faɗi nawa. Littafin nan ba naka ba ne kai kaɗai. In an gama gwajin za su tara abin da kuka rubuta su ce maganin bai taɓa zuciya sosai, su ba wa wani wanda zuciyarsa ba ta kai taka ƙarfi ba. Wannan ɗaya ke nan, kuma na san ba shi zai motsa ka ba, mutumin da ya gaji bai tuna baƙo.

Na biyu, Tokiko ta daina zuwa kasuwa. Ta ce tsoro take ji ta dawo ta tarar da kai a ƙasa. Shekara shida ita ma take ciki, kuma ita babu wanda ya ba ta littafi ta rubuta abin da take ji.

Ranar Alhamis ce ranar asibitinka. Ka yi yadda ka gani.

Yayarka,
Shigeno

Yokote, 8 ga Fabrairu

Yaya,

Gaisuwa. Na faɗa wa likitar.

Likita Onodera ba ta yi faɗa ba, da ta yi ma da ya fi min sauƙi. Ta juya shafukan ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "Tun yaushe?" Na ce tun tsakiyar Disamba. Ta miƙo min biro ta ce, "To mu gyara, daga ranar farko." Awa biyu muka yi.

Sun karɓi sauran ƙwayoyin, sun ƙirga a gabana. An ba ni maganin zuciya. Nan da sati uku za su zauna su duba ko a mayar da ni a kan rabin maganin, ko a sallame ni. Na tambaye ta wanne ya fi yiwuwa, ta ce ba ta sani ba, kuma na yarda da ita.

In gwiwarki za ta bari, ki zo ki yi mana kwana biyu. Kada ki kawo komai. Kada kuma ki ce na kyauta, Tokiko ta faɗa, likita ta faɗa, kuma ni ban ji haka ba tukuna.

Ƙanenki,
Kuniaki