Ƙafa Ɗari Uku Tsakanin Jirage Biyu

Zuwa ga:
Babban Darakta,
Sashen Kiyaye Haɗurran Sama.

Daga:
Jami'in kula da zirga-zirgar jirage, mataki na biyu,
Ɗakin Rada (na'urar hango jirage), tebur na uku.

24 ga Yuli, 2018.

Game da: Kuskuren ranar 3 ga Yuli da aka hana ni rubutawa

Yallaɓai,

Bayan gaisuwa da girmamawa. Takardata ta 5 ga Yuli da ta 12 ga Yuli sun iso ofishinka, sakatarenka ya buga musu hatimi a gabana. Na fahimci cewa idon mai girma Darakta bai samu sukunin sauka a kansu ba. Ga ta uku.

1. Ranar Talata, 3 ga Yuli, ƙarfe biyu saura minti huɗu na rana, na karɓi aiki daga babban jami'in da muke kira Baba Komai-Lafiya. Ƙa'ida ta ce mai miƙa aiki ya zauna da mai karɓa, su bi jiragen ɗaya bayan ɗaya. A ɗakinmu kuwa a tsaye ake yi, jaka a kafaɗa, makullin mota a hannu. Baba ya dafa ni, ya tabbatar mini komai lafiya, ya fice.

2. Bai faɗa mini ya riga ya ba wani jirgin fasinja izinin yin ƙasa ba. Ni kuma ban tambaya ba, ban duba takardar jirgin ba. Na umarci wani jirgin ya yi sama ta hanya guda. Tazarar da doka ta gindaya ƙafa dubu ce. Sun wuce juna da ƙafa ɗari uku. Na'urar gargaɗi ta cikin jiragen ce ta raba su, ni ina zaune ina kallo.

3. Na ɗauki fom ɗin rahoto. Shugaban ɗakinmu ya zare shi daga hannuna cikin ladabi, ya kai ni baranda, ya nuna mini allon nan mai cewa “Kwana 412 ba tare da matsala ba”. Ya bayyana mini cewa rahotona zai mayar da allon sifiri, ga shi kuma Yallaɓai zai zo ɗaukar hoto a gabansa. Hoton ya yi kyau ƙwarai, na gan shi a mujallar ma'aikata. Mutum ɗari biyu da goma sha ɗaya ne a jiragen nan, ba su samu shiga hoton ba.

4. An kuma yi mini nasiha cewa ni yaro ne, karatu ke ɗibata, kuma Baba saura wata bakwai ya yi ritaya. Ina girmama Baba, shi ya koya mini riƙe makirfo. Amma har jiya a tsaye aka miƙa mini aiki.

Na san rahoton nan zai iya cinye lasisina, da shi nake ciyar da mahaifiyata. Na yi shawara da ita, ta ce in rubuta.

Yallaɓai, na'urarmu tana goge muryoyi da hotunan rada bayan kwana talatin. Na 3 ga Yuli za su goge ranar Alhamis, 2 ga Agusta, daga nan kuma sai a ce mafarki na yi. Ina roƙo, cikin ƙanƙan da kai, ka sa hannu yau a killace faifan, ka kafa kwamitin bincike, kuma a fara kirana ni.

Ka huta lafiya.

Naka mai biyayya,
(sa hannu)
Jami'in tebur na uku, Ɗakin Rada.