Ƙugiyar da Ke Cikin Rawaninka

Zuwa ga aminina Alhusaini, a mashekarinku da ke arewa da Tenhiya.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina tambayar lafiyarka da ta iyali, da ta raƙuma, da yadda damina ta yi muku a can. Na san Fatimata 'yarka ce za ta karanta maka wannan a waya, na kuma san mutane da yawa za su riga ka gani. Da gangan na saka shi a fili, inda kowa zai karanta. A gaban jama'a na ci yabon da ba nawa ba, don haka a gabansu zan mayar da shi.

Saƙon muryarka ya iso ni ran kasuwar Tanut, tare da cukun da ka saba aiko mini. Ka ce, "Mushe, bana ma tsage zai sha da ƙafarsa?" Na yi dariya kamar kullum, sannan na kasa kai cukun bakina.

Ka tuna yadda abin ya fara. Na dawo gida daga Gaya, inda na yi shekaru ina koyarwa a lakwal, makarantar boko, a bakin kogi, har sunan mushe, wato malam, ya bi ni, ban kawo tsarabar komai ba sai zazzaɓi da labarin kifi. Kai kuma in ka kawo awaki kasuwa a zaurenmu kake sauka. A nan na ba ka labarin tsage, kifin da haƙoransa ke waje ko da bakinsa na rufe. Na gaya maka yadda wani tsohon masunci ya koya mini yaudararsa: a ɗaura gashin zabuwa da jan zare a jikin ƙugiya, a wurga nesa, a riƙa fizgowa kaɗan-kaɗan har ya zaci ɗan kifi ne ke gudu. In ya kawo sara, sandar neman ƙwacewa take daga hannunka. Ya yi sama, ya girgiza kai, ruwan ya yi ja. Na nuna maka dungun yatsan da ya datse mini. Ka daɗe kana kallo, ka ce, "Wannan ai kura ce ta koyi iyo."

Kai da ruwa bai taɓa wuce maka gwiwa ba, kai ka fi ni zaƙuwa. Mukan tsaya kan rairayi a bayan gari muna wurga zare cikin ƙwaryar da muka ajiye can nesa, matan da ke dawowa daga rijiya suna cewa mushe ya zare, har ya shafa wa abokinsa. Ka fi ni saiti, kuma wannan ya daɗe yana ba ni haushi.

Tafiyar ma mun tsara ta tsaf, irin ta marasa hali. Mu hau bayan motar shanu daga Tanut zuwa Damagaram, daga can mu nemi mai albasa ko mai wake da zai yi yamma. Sanda ta gora ce, ni na fere. Wayar birkin tsohon kekena muka warware don ɗaurin bakin ƙugiya, tunda haƙorin tsage ba ya barin zare. Guzuri gumba daga gidana, cuku da shayi daga naka. Masauki zauren wani tsohon ɗalibina. Ƙugiyar da ta fi kyau cikin duk waɗanda na ɗaura na ba ka, ka soke ta a rawaninka ta wajen ƙeya, ka ce ba za ka cire ta ba sai a bakin kogi.

Yanzu ga abin da ba ka sani ba.

Ranar da aka buɗe su, wato kamun kifin gayya, a tabkinmu na wajen Ollelewa, ruwa ya janye ya bar ɗan kaɗan a tsakiya, tarwaɗa ta taru a ciki. Duk gari yana cikin laka tun hantsi. Aikina a ranar riƙe kulki ne: a jefo tarwaɗa gaɓa, in buga mata sau ɗaya a tsakiyar kai, ta miƙe. Rana ta take tsaka sai ga garke daga arewa, dabbobin sun kwana biyu ba su sha ba. Ba wanda ya isa ya tare su. Suka faɗa ruwan, suka tattake komar kamun kifi, suka yi kaca-kaca da kifin da mutane suka jira tun kaka.

Wani daga cikinmu ya sare agarar wata saniya da adda. Har yau ina jin kukanta, da yadda ta zauna kan gindinta cikin laka tana neman tashi. Daga nan ba a ƙara jin maganar kowa ba. Sanduna suka yi sama, aka zare takobi. Na ga an fasa wa maƙwabcina goshi, fatar ta rufo masa ido, yana lalube yana kiran sunan uwarsa. Na ga namu sun danne wani makiyayi cikin ruwa suna taka shi. Laka ta shafe kowa, ba ka gane mutum sai ta abin da ke kansa, hula ko rawani.

Sai na hango Baffa Idi, ƙanen mahaifina, ruwa ya kai masa wuya, wani mai rawani ya sunkuya a kansa ya riƙe masa riga. Na ɗauka nutsar da shi yake. Ban kira kowa ba, ban tambaya ba. Na zo ta baya, na ɗaga kulkin da hannu biyu, na buga inda na saba bugawa tun safe. Ƙarar ma irin ta kan tarwaɗa ce. Mutumin ya kife ba ko kara, sai ga gashin zabuwa da jan zare a ƙeyarsa, jini na tsatsowa ta cikin rawanin yana jiƙa su.

Kai ne, Alhusaini. Ina zaton kana Tenhiya, ashe ka biyo garken 'yan'uwanka. Kuma ciro Baffa kake daga ƙarƙashin shanu. Shi da bakinsa ya faɗa daga baya, sai dai bai ga wanda ya buge ka ba.

Sauran ka sha jin sa, an mayar da shi abin ba da misali. Wai mushe ya saɓo amininsa a kafaɗa cikin sara da suka, ya ɗora shi a amalanke, ya kai shi likita a Tanut, ya yi jinyarsa kwana da kwanaki. Duk an yi haka. Amma da jandarma suka tambaye ni wa ya buge ka, na ce ban gani ba. Da yayanka ya kawo mini rago ya rungume ni yana kuka, na karɓa, na yanka, muka ci da iyalina. Da ka farfaɗo ka laluba rawaninka ka tambayi ƙugiyarka, na ce ta faɗi a laka. Alhali a lokacin tana cikin akwatina. Ni na zare ta kafin a warware maka kai, don ba na iya kallonta, ban kuma iya jefar da ita ba.

Shekara shida ke nan hannunka na dama ba ya riƙe ko kofin shayi, hannun da ya fi nawa saiti. Maganarka tana ja. Kowace shekara ka tambayi tafiya, ni kuma in kawo dalili: hanya ba lafiya, hatsi bai yi ba, kogi ya cika. Ba ko ɗaya da ke gaskiya. Tsoro nake in zauna kwana uku a bayan mota ina kallon ƙeyarka. Ina jin kunyarka fiye da yadda nake tsoron wuta, kuma ina kewarka duk da kana raye.

Na ba mai kawo cuku ƙugiyar cikin ƙunshin tsumma, zai iso ku ran kasuwa mai zuwa. Ban wanke ta ba.

Na yi magana da mai motar shanu, zai tashi bayan an gama yankan hatsi, na ce ya bar gurbin mutum biyu. In ka zo, ni zan riƙe sandar, kai ka nuna mini inda zan wurga. In kuma yayanka ne zai zo a madadinka, ko jandarma, gidana yana nan inda ka san shi, ba zan kauce ba.

Allah Ya ba ka lafiya, Ya mayar maka da ƙarfin hannunka, Ya sa abin da na yi maka ya zame maka kankarar zunubi. Allah Ya shayar da dabbobinku, Ya hana mu sake haɗuwa da juna a bakin ruwa da makami a hannu. Ni kuwa ba zan roƙe Shi gafara kan wannan ba sai na ji daga bakinka, don hakkinka ne.

Fatimata, ki yi haƙuri da abin da na sa ki karanta wa mahaifinki.

Naka, in har ka bar ni in ci gaba da faɗin haka,
Mushe Habu.