Ku Gaya Mini Inda Kuka Kai Muryar Innata

Zuwa ga Shugaban kamfanin da ke ƙera kwamfutar tafi-da-gidanka,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka da ma'aikatanka. Ni yarinya ce daga Gwandu, bara na gama firamare. Ban saba magana a gaban manya ba, kuma ban san adireshinka ba, shi ya sa na aika wannan takarda gidan jarida, ko wani zai nuna maka.

Na farko, ga abin da ya faru. Kawuna Sani yana aiki da masu haƙa rijiyoyi a Kalgo, su suka ba shi kwamfutarku. Da Sallar layya ya zo da ita gidanmu, ya ajiye a kan tabarma tana ɗaukar magana, don ya ba yara mamaki. Inna ba ta sani ba. Tana tankaɗe tana hira da Goggo, har ta ce Saratu ta fi ta iya tuƙa tuwo yanzu, Allah Ya yi wa Saratu albarka.

Ranka ya daɗe, wataƙila wannan ba komai ba ne a wurinku. Ni ce 'yar fari. A wurinmu uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, saboda kunya. Tunda aka haife ni "ke" take ce mini, in tana ba wani labarina ta ce "waccan". Ban taɓa jin sunana a bakinta ba sai a cikin na'urarku. Da Kawu ya kunna, ta rufe fuska da zane ta shige ɗaki, mu kuma muna ta dariya. Da damina ta rasu wajen haihuwa.

Na biyu. Bayan rasuwar, fuskar kwamfutar ta daina kawo haske. Wakilinku ya karɓe ta, ya ce doka ce sai an mayar da tsohuwa kafin a ba da sabuwa. Da sabuwar ta iso, na shiga mota zuwa Kalgo ina murna, a zatona abin da ke cikin waccan zai dawo cikin wannan, kamar yadda ake juye kaset. Kawu ya buɗe, babu komai. Bai iya kallona ba.

Na uku. Na tambayi duk wanda na iya tambaya ina tsofaffin suke zuwa. Kawu ya ce gyarawa kuke yi, ku goge cikinsu, ku sayar. Mai gyaran rediyo na bakin kasuwa ya ce farfasa su kuke yi ku ciri abin da zai yi amfani. Direban su Kawu ya ce ƙonewa ake yi. Wakilinku kuwa ya ce shi nasa aikawa ne kawai. Kowanne ne gaskiya a ciki, ban ga inda Inna ta tsira ba. Kuma muryar ta fara ɓace mini. Kalmomin suna nan a kaina, amma in na maimaita su, muryata nake ji, ba tata ba.

Ga roƙona. Idan ba a taɓa ta ba tukuna, don Allah a juye mini maganar a kaset, ba na son na'urar. Idan an sayar, a gaya wa wanda ya saya kada ya goge in ya ji wata mata tana tankaɗe. Idan kuwa kun riga kun goge, ku faɗa mini a fili, in daina zuwa tasha ina tambayar direbobin Kalgo ko an ba su saƙo. Nan gaba kuma, ku riƙa tambayar mutane ko sun bar wani abu a ciki kafin ku karɓa.

Allah Ya ƙara wa aikinka albarka, Ya bar maka mahaifiyarka idan tana raye, Ya ji ƙanta idan ta rigaye ka.

Wassalam.

Ni ce wadda Inna ta ambata sau biyu,
Saratu.